Karatun Rayuwar Magabata: Darussan Aiki da Zaman Duniya daga Tarihin Kafanchan da Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Babu al'ummar da ba ta nuna wa 'ya'yanta wasu daga cikin magabata ta ce a yi koyi da su, kuma babu makarantar da ba ta ɗora wa ɗalibai karatun labarin manya da fatan halin kirki da ƙwazon aiki za su biyo baya. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda ake yin karatun, domin labarin mutum ɗaya yana iya zame wa wani makaranta ya zame wa wani abin ruɗi, gwargwadon inda kowannensu ya kafa ido. Wannan lacca ta tsaya ne a kan batu guda: amfanin tarihin babban mutum yana cikin dogayen shekarun da ya yi yana aiki ba a san da shi ba, da zaɓin da ya yi a inda hanya ta rabu, da yanayin da ya buɗe masa ƙofa ko ya rufe, alhali abin da aka fi ambata a bainar jama'a shi ne muƙamin ƙarshe da lambobin yabo. An ɗauko misalan daga Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna, yankin da ya tara ƙabilu masu yawa da addinai biyu manya, ya kuma daɗe yana shan rubutu daga alƙaluman baƙi kafin 'ya'yansa su fara rubuta nasu.

Kirari daban, tarihi daban

Kirari, wato kalmomin yabo da maroƙi ko makaɗi yake jera wa sarki ko jarumi, aikinsa zuga mutum da ɗaukaka shi, kuma ba a taɓa ɗora masa nauyin faɗar gaskiya dukanta ba. Jawabin da ake yi a wurin jana'iza da littafin da iyali ko abokan siyasa suke ɗaukar nauyin bugawa don bikin cikar shekaru duk dangin kirari ne, ko da an sa musu bango mai kauri da hotuna masu launi. Tarihin rayuwa kuwa, a ma'anarsa ta ilimi, bincike ne da ke bin mutum daga tasowarsa zuwa ƙarshensa ta hanyar takardu da shaidar waɗanda suka zauna da shi, masoya da masu suka, har a gane dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi da abin da ya biyo baya. Malaman ƙasar Hausa sun san wannan bambanci tun da daɗewa: Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Tazyinul Waraƙati na 1813, bai ɓoye ɓacin ransa ba game da yadda son mulki da tara dukiya suka shiga zukatan wasu abokan tafiyarsa, kuma wannan gaskiyar ce ta sa masu bincike suke komawa ga littafin har yau. Ɗalibin da ya ɗauki kirari a matsayin tarihi zai fita da sha'awar muƙami ba tare da sanin hanyar da aka bi aka kai gare shi ba.

Garin da layin dogo ya raya

Kafin a zo ga mutane, garin Kafanchan kansa yana da tarihin da ya cancanci karatu. Fantswam su ne mutanen da aka tarar a wurin, masarautar Jama'a kuma, wadda Malam Usman ya kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, tana da mazauninta a wani wuri daban. Abin da ya sauya komai shi ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya iso nan a tsakanin 1926 da 1927, ya haɗu da layin Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos domin kwasar kuza. Cikin 'yan shekaru Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa da ke tara direbobi da makanikai da akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina a Nijeriya, har fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa garin a 1933.

Daga shekarun 1980, da manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, harkar jirgin ƙasa kuma ta yi sanyi, sai arzikin da ya dogara da tasha ya bi ta. Darasin sana'a da ke nan a fili yake: ma'aikacin da abin da ya mallaka shi ne kujerarsa a ma'aikata guda yana tashi ne tare da ma'aikatar ya kuma faɗi tare da ita, amma wanda ya fita da gwaninta a hannu, ƙira ko walda ko gyaran inji ko riƙe littafin kuɗi, yana iya kai ta wata kasuwa. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko sun ɗanɗani irin wannan a 2023, lokacin da cutar ruɓewa ta afka wa gonaki ta bar magidanta da yawa da suka zuba jarinsu duka a shuka ɗaya hannu rabbana.

Littafi da mai rubuta shi

Duk littafi yana da mai shi, kuma mai shi yana da inda ya tsaya yana kallo. A 1912 wani hafsan Ingila mai suna Tremearne, wanda ya yi aikin mulkin mallaka a ƙasar Jama'a, ya buga littafi a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, sunan da ya siffanta su da masu wutsiya masu farautar kawuna, alhali abin da ya kira wutsiya ado ne da matan aure suke ɗaurawa a baya. Littafin yana ɗauke da bayanai game da gidaje da aure da makamai na wancan zamani waɗanda ba a samun su da sauƙi a wani wuri, saboda haka jefar da shi asara ce. Amma an rubuta shi ne domin masu karatu a Ingila su yi mamaki, kuma marubucin yana cikin waɗanda suka zo da bindiga domin a biya haraji. Mai karatu na gari yana kwasar bayanin ya ajiye hukuncin, yana tambayar kansa a kowane shafi wane ne yake magana, wa yake yi wa, me kuma yake son a gaskata.

Labarin kayan tarihi na Nok yana nuna wani gefe na wannan al'amari. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, aka ajiye shi ba tare da an san darajarsa ba. A 1943 aka sake tono wani a kusa da Jama'a, wani akawun ma'adinai ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa shi a kan mutum-mutumin da ke tsoratar da masu ɓarna, ya shekara a nan yana shan rana da ruwa. Da kan ya isa hannun Bernard Fagg, jami'in mulki a Jos wanda ya karanta ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Kambirij, sai ya dubi yadda aka huda ƙwayar ido da hanci, da yadda aka tsara fatar ido da gyaran gashi, ya gane cewa hannu irin ɗaya ne ya gina wannan da wancan na 1928. Daga wannan ganewa aka fara neman sauran a ramukan kuza, aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952, kuma binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka soma a 2005 ya kai farkon wannan al'ada zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mutane da yawa sun ga kan a gona, mutum ɗaya ne ya san abin da yake gani, kuma bambancinsa da sauran karatun da ya riga ya yi ne shekaru kafin ranar ta zo. Sai dai labarin yana da gefe na biyu wanda ya kamata ya dami ɗan wannan yanki: sunan Fagg ya shiga littattafai, leburorin da suka tono kayan da akawun da ya adana kan kuwa an bar su ba suna. Wanda ya rubuta shi ake tunawa, kuma al'ummar da ta bar wa wasu alƙalami sai ta karɓi matsayin da suka ba ta.

Rayuka uku

Malam Gwamna Awan ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya zauna a kai har rasuwarsa a 2008, shekara 63, abin da ya sa ake lissafa shi cikin sarakunan da suka fi daɗewa a kan mulki a Afirka. Kagoro na cikin gundumomi uku, tare da Jaba da Marwa, da Turawa suka bari suna cin gashin kansu ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba, saboda haka sarkinta yana hulɗa ne kai tsaye da jami'an mulki. Kafin sarauta, Gwamna Awan ya yi karatu a hannun 'yan mishan na SIM, ya sami horon malanta a Toro, ya koyar a makarantar elemantare, sannan ya yi aikin malamin sarki a En'e, wato hukumar gargajiya da ke karɓar haraji da riƙe kotu da 'yan doka. Waɗannan shekaru na rubuta wasiƙu da riƙe rajistar haraji su ne suka koya masa yadda gwamnati take tunani, kuma da wannan sani ya ratsa zamanin Turawa da Jamhuriya ta Farko da mulkin soja, har da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya rage wa sarakuna iko ƙwarai. Ko da yake Kirista ne, bai yar da bikin Afan ba, wanda ke nuna ƙarshen kaka da buɗe farauta, a zamaninsa ma aka tsayar da shi a ranar 1 ga Janairu. Duk da haka mai koyi da shi ya tuna cewa yana da kusanci da gidan sarauta, kuma ya iya karatu a lokacin da masu iyawa a gundumar ba su da yawa. Takardar shaidar da ta ishe shi a wancan zamani ba za ta ishi matashin yau ba, amma ɗabi'ar ƙware wa ƙaramin aiki kafin babba ya zo ba ta tsufa.

Patrick Ibrahim Yakowa, wanda aka haifa a Fadan Kagoma a 1948, ya gama Jami'ar Ahmadu Bello a 1972 ya shiga aikin gwamnati, ya hau mataki bayan mataki har ya zama babban sakatare, daga baya kuma sakataren gwamnatin jiha. Ya zama mataimakin gwamna a 2005 bayan rasuwar Stephen Shekari, ya zama gwamna a watan Mayun 2010 da aka ɗauki Namadi Sambo mataimakin shugaban ƙasa bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya ci zaɓe a 2011, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012. Lissafin yana da ban tunani: shekara 38 tsakanin gama jami'a da hawa kujerar gwamna, ƙasa da shekara uku a kanta. Manyan matakansa biyu na ƙarshe sun zo ne ta hanyar rasuwar wasu, abin da ba mai iya shirya wa kansa, saboda haka wanda ya ce zai bi sawunsa ya zama gwamna bai fahimci labarin ba. Abin da yake hannun mutum shi ne ya kasance, a ranar da ƙaddara ta buɗe gurbi, yana da tarihin aiki da mu'amala da zai sa waɗanda ba addininsu ɗaya da shi ba su yarda su miƙa masa amana.

Farfesa Andrew Jonathan Nok, wanda aka haifa a 1962, masanin sinadaran jikin halittu ne a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya zuba yawancin ƙarfinsa a kan cutar da ƙudan tsando yake yaɗawa, wadda ake kira sammore a jikin shanu, ciwon barci a jikin mutum. Ƙwayar cutar tana fitar da wani sinadari mai suna sialidase da ke kankare wani sashe na rufin jajayen ƙwayoyin jini, sai jiki ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya kawar da su, jini ya ragu, dabba ta rame. Aikinsa a kan ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan sinadari, wato umurnin da ke cikin halittar ƙwayar cutar na yadda za ta samar da shi, shi ya kai shi ga kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. Hikimarsa ta sana'a ita ce zaɓar matsalar da take a ƙofar gida, wadda makiyayi da manomi suka san zafinta, manyan kamfanonin magani na duniya kuma ba su ga riba a cikinta ba, ya zauna a kanta shekara da shekaru. Ya rasu a watan Nuwamban 2017 yana kwamishinan ilimi, a daidai lokacin da ake taƙaddama kan jarrabawar gwaji da gwamnatin jiha ta ce malaman firamare fiye da 21,000 sun faɗi, matakin da wasu suka yaba, ƙungiyar malamai kuma ta yi tir da shi. Cikakken tarihinsa dole ya ƙunshi ɗakin gwaji da ofishin kwamishina duka biyu, domin a nan ake ganin cewa ƙwarewa a bincike ba ta sauƙaƙa wa mutum hukuncin da ya shafi abincin dubban gidaje.

Waɗanda littafi ya tsallake

Wani kuskure da ke bin karatun tarihin manya shi ne duban waɗanda suka haye kawai, a ɗauka cewa halayensu ne suka haye da su, a mance da ɗimbin masu irin halayen da ruwa ya ci. Hausawa da suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah sun san cewa labarin wanda ya faɗi yana koyarwa kamar na wanda ya tsaya, wani lokaci ma ya fi. Mata su ne aka fi tsallakewa, ko da yake su ne ƙashin bayan kasuwannin Kafanchan da Zonkwa da Kwoi, su ne kuma suka biya kuɗin makarantar da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa kirari. Akwai misali na yadda ake gyara wannan: tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma abin da ya ƙunsa game da aure da ƙawance da bauta da sana'ar mata ya wuce abin da tarihin sarakuna ya adana. Tsofaffi masu irin wannan labari suna nan a unguwannin wannan yanki, Musulmi da Kirista, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar muryarsu.

Idan tarihi ya zama makami

A wannan yanki karatun tarihi ba abin nishaɗi ba ne kawai, domin an sha zubar da jini da sunansa. Rikicin da ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, na Zangon Kataf a 1992 ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri, na bayan zaɓen 2011 kuma ya bar tabo a Kafanchan da Zonkwa wanda bai gama warkewa ba. A kowane ɓangare akwai jaruman da ake ambata da zaluncin da ake tunawa, kuma yaro yakan tashi ya haddace na gidansu bai taɓa jin na maƙwabcinsa ba.

Maganin wannan yana cikin faɗaɗa karatu. Littafin M. G. Smith, Government in Zazzau, na 1960, ya bayyana yadda sarautar Zazzau take gudana idan an dube ta daga fada. Littafin Yusufu Turaki na 1993 a kan gadon mulkin mallakar Ingila a Arewa ya dubi tsarin daga wajen al'ummomin da aka mulka ta hannun wasu. Littafin Matthew Hassan Kukah, ɗan Anchuna, wanda shi ma ya fito a 1993, ya bi yadda addini da siyasa suka sarƙe a Arewacin Nijeriya. Wanda ya karanta ɗaya ya tsaya zai fita da hujjar faɗa, wanda ya karanta su duka ya gwama su zai fara gane dalilin da ya sa maƙwabcinsa yake jin abin da yake ji, ko da bai yarda da shi ba. Sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu a watan Maris na 2016, ta fito ne daga zaman da kowane ɓangare ya saurari ƙorafin ɗan'uwansa, kuma ko da yake ba ta kawo ƙarshen tashin hankali ba, ta nuna cewa irin wannan sauraro mai yiwuwa ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ɗalibi ko ma'aikaci da ya ɗauki tarihin wani babba yana da tambayoyin da ya kamata ya riƙe: me mutumin yake yi a shekarun da ba a san shi ba, wace gwaninta ya tara a lokacin, wane rabo ne ya zo masa daga haihuwa ko zamani ko ƙaddara wanda ba a iya kwaikwaya, ina ya yi kuskure kuma wa ya biya kuɗin kuskuren, sannan wane ne ya rubuta labarin da wace manufa. Nauyin bai tsaya a kan mai karatu ba. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana ɗauke da rahotannin gundumomin kudancin Zariya tun zamanin Turawa, Gidan Arewa yana da nasa tarin, kuma akwai ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan waɗanda suke neman batun bincike kowace shekara. Malaman waɗannan makarantu suna iya tura su ga tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da ungozomai da malaman allo da na mishan da dillalan citta, a ɗauki labarinsu da harsunansu da kuma Hausa, a gwama shi da takardu, a ajiye a ɗakin karatu inda kowa zai iya dubawa. Yawancin waɗanda suka ga zamanin da tasha take cike sun haura shekara saba'in, saboda haka aikin ba ya jiran wani lokaci.